Takardar Sanatu Ta Zo, Ni Ne Ban Buɗe Ba

Moshi Zongo, Tamale

Zuwa ga 'yata Rahinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙauyen da aka tura ki koyarwa. Mamanki ta cika miki jaka da yaji da kuka da daddawa. Ni kuma na cusa wannan a cikin sallayarki, don na san ita za ki fara warewa.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ba ki daɗe da barinsa ba. Da biro na rubuta, ko da yake kin sha ce mini in danna waya in yi magana in turo, ya fi sauƙi. Na sani. Abin da zan faɗa ne ba na son in ji muryata tana faɗinsa. Magana ce a kan Sanatu, 'yar Mma Adisa mai koko da ƙosai, ƙawarki tun kuna rarrafe. Kin san ta nemi kwalejin koyon jinya a shekarar da kika nemi ta malamai. Kin san an ce ba a ɗauke ta ba, kin san tana Kumasi tana dakon kaya a kasuwa. Abin da ba ki sani ba shi ne an kira ta. Takardar ta zo, ni ne ban buɗe ba. Zan jero miki yadda aka yi tun daga farko, domin aikin da za ki fara shi na yi shekara talatin ina yi.

Abin ya faro ne tun kuna aji biyar, ina shugaban makarantarku. Wasu masu taimako suka kawo mana kwamfuta guda huɗu. Aka yi taro, aka ɗauki hoto, na yi jawabi da Turanci har aka tafa mini. Baƙi na juya baya na sa aka kai su ɗakin ajiya, na danna kwaɗo, na jefa mabuɗin a aljihu. Malamai suka tambaya, na ce yara za su lalata, kuma wutarmu ba ta da tabbas, a bari sai an gina musu ɗaki na musamman. Duk wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. Dalilin shi ne ban san ta inda ake kunna su ba, kuma ba na son ɗan shekara goma ya gane haka. Darasin kwamfuta a allo muka yi shi. Ni da hannuna na zana muku ita da alli, da igiyarta da komai, na sa kuka haddace sunayen sassanta, wanda ya manta ya sha bulala biyu. Sanatu ba ta taɓa shan bulalar nan ba, ita ke fara ɗaga hannu. Ta fi kowa maki a jarrabawar kwamfuta ba tare da ta taɓa ɗora yatsa a kan ko ɗaya ba. Da na yi ritaya, wanda ya gaje ni ya buɗe ɗakin, ya tarar ɓeraye sun cinye wayoyin ciki, gara ta ci kwalayen.

To, idan aka danƙa miki wani abu don yara, ki ba yara. In zai lalace, ya lalace a hannunsu. Idan kuma aka kawo abin da ba ki iya ba, kuma za a kawo, don abubuwan nan kullum sabo ke fitowa, ki tsaya gaban aji ki ce ba ki iya ba, wa ya iya ya nuna mana. Za su yi dariya kwana ɗaya, sannan su manta.

Kada ki ɗauka wayonki ne ya raba ki da Sanatu, ko kuma ƙoƙarina. Kawunki na Nyohini ne, da ya ba ki tsohuwar wayarsa kina sakandare. Kika yi ta latse-latse har ina miki faɗa, ashe karatu kike yi. Sanatu ba ta da kawu mai tsohuwar waya. Iyakar bambancin ke nan, ban ga wani ba.

Yanzu sai maganar akwati. Kin taso kin tarar akwatinmu na gidan waya shi ne akwatin layinmu gaba ɗaya. Tun kafin a haife ki, duk wanda zai nemi aiki ko makaranta, ko yake jiran saƙon ɗan'uwa daga ƙasar waje, lambar akwatina yake rubutawa. Talata da Juma'a in hau keke in je in buɗe, in dawo in zauna ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida in raba, wanda bai iya karatu ba in karanta masa, in rubuta masa amsa. Ba a taɓa cewa takardar wani ta ɓata a hannuna ba. Da wannan aka san ni, har sunana ya ɓace, kowa Ticha yake cewa. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye miki ba. Mutum ya fito da keke jama'a na leƙowa suna jiran abin da ya ɗauko, akwai daɗi.

Saboda haka da sakamakonku ya fito, Mma Adisa ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sayar da akuyarta don sayen fom, ta naɗe takardun Sanatu cikin leda biyu don kada maiƙon ƙosai ya taɓa su, ta kawo mini. Kina tsakar gida a lokacin. Kika ce in bari ki cike mata a wayarki, tunda kin gama naki. Na ce miki wannan ba wasan yara ba ne, maganar rayuwar mutum ce. Ina tuna yadda kika kalle ni. Sanatu ma ta so ta bi ni, na ce ta zauna ta taya uwarta aiki, ba sai ta zo ba. Gaskiyar magana ba na son ɗayanku ta ga yadda zan yi a gaban kwamfuta.

Na tafi wani kafe a Kaladan, irin shagon nan da ake biya a shiga intanet, nesa da unguwa inda na zaci ba wanda ya san ni. Mai shagon ya karɓi takardun ya cike komai ina zaune a gefe ina gyaɗa kai kamar ina bi. Wurin lambar waya ya sa tasa, ya ce akwai lambobin da za a turo nan take, haka yake yi wa kowa. Wurin imel ya tambaye ni adireshina. Maimakon in ce ban da shi, sai na ce na manta. Ya yi murmushi ya buɗe mini sabo da sunana, ya rubuta shi da lambar sirri a guntuwar takarda ya miƙo mini, ya ce in riƙa dubawa, ta nan za su yi magana. Na ce to. Amma na ga a ƙasan fom ɗin akwai wurin akwatin gidan waya, na sa ya rubuta nawa, hankalina ya kwanta. A lissafina, makarantar gwamnati ba za ta kira mutum ba sai da takarda mai hatimi a cikin ambulan. Na ninke guntuwar takardar na sa a bayan katin fanshona.

Ki lura da wannan. Kada ki yarda ki zama ƙofa ɗaya tilo da ɗan wani zai bi, komai amanarki. Idan iyaye suka kawo miki fom, za su kawo kuwa, don a ƙauye malama ita ce komai, ki zaunar da mai fom ɗin kusa da ke, ki sa ya danna da yatsansa, ko zai ɗauki yini. Lambar waya a sa tasa ko ta uwarsa, ko da ƙaramar waya ce mai madannai. Lambar sirri shi zai riƙe. Taimakon da ke sa mutum ya dawo wurinki kullum, ki duba shi da kyau, wataƙila ke yake yi wa amfani.

Wata uku ina zuwa gidan waya, Talata da Juma'a, ban taɓa fashi ba. Ko ranar da aka yi ruwan da ya cika kwalbatin layinmu na je. In buɗe akwati, in zura hannu har ƙarshe, in shafa, in rufe. A tsakiyar haka naki kiran ya zo. Kika shigo da gudu kika nuna mini a fuskar waya, babu ambulan, babu hatimi. Rahinatu, a ranar na sha jinin jikina. Na ce wa kaina ai makarantar malamai daban, ta jinya daban, amma ban yarda da kaina ba. Washegari na hau keke na koma Kaladan. Na jingine keken, na leƙa, sai ga tsofaffin ɗalibaina har uku a ciki, suka miƙe suna gaishe ni, ɗaya ya ja mini kujera gaban kwamfuta ya ce bismillah Ticha. Na dubi kujerar. Na ce a'a, hoton takarda na zo a ɗaukar mini. Na ciro katin fansho aka yi mini kwafi biyu da ban da abin yi da su, na fito. Guntuwar takardar tana hannuna a lokacin, na mayar da ita.

Da na dawo kika tambaye ni ko na duba na Sanatu a imel. Da bakinki kika ce a imel, ban da wurin fakewa. Na ce na duba, babu komai. Wannan ƙarya ce, kuma ke na yi wa.

Kullum da safe in je sayen koko, Mma Adisa ta ƙara mini ƙosai ɗaya, ba ta tambaya, sai dai ta dube ni. Da na ga an fara karatu a makarantu, na tsaya gaban kaskonta na ce ba su ɗauke ta ba, bana masu nema sun yi yawa. Haka na faɗa, da muryar shugaban makaranta, kamar an aiko mini da sanarwa. Ta ce Allah bai yi ba, ta yi mini godiyar wahalar da na sha. Sanatu na zaune a bayanta tana wanke kofuna, ba ta ɗago ba. Bayan sallah babba ta bi motar Kumasi tare da 'yan matan da ke tafiya dako.

A nan akwai abin da nake so ki riƙe a aikinki. Shiru ba amsa ba ce. Yanzu komai na makaranta a waya ake turawa, ranar taron iyaye, aikin gida, sunayen waɗanda za su zauna jarrabawa. Za ki tura, waɗansu su amsa, waɗansu shiru, sai ki ji ranki na cewa waɗannan iyayen ba su damu da karatun 'ya'yansu ba. Kafin ki yanke wannan hukunci ki ƙirga gida nawa ne ke da wayar da saƙon zai shiga, a cikinsu nawa ne wayar ke hannun uba yana gona, nawa ne sai an kai ta wani gari a yi caji. Wanda bai zo ba, ki taka da ƙafa ki je ƙofar gidansa. Kuma kada ki faɗa wa yaro ya faɗi sai kin ga faɗuwar da idonki a rubuce. Yaro yana yarda da malami fiye da yadda malami ya cancanta.

Yadda na gano kuwa, ke ce sanadi, ba ki sani ba. Hutunki na shekara ta biyu, kika kawo mini wayar da kika daina amfani da ita, kika ce lallai sai na koya. Muna zaune ƙarƙashin bishiya bayan la'asar kika ce in ba ki adireshin imel ɗina. Na ciro guntuwar takardar, ta yi laushi, amma rubutun na nan. Kika shigar, abin ya buɗe, sai Mamanki ta ƙwala miki kira ki zo ki sauke tukunya. Kika ce in riƙa ja da yatsa sama zan ga saƙonni. Na ja. Tallace-tallace ne birjik. Can ƙasa sai ga sunan Sanatu. An gayyace ta ganawa, ga rana, ga lokaci, ga abin da za ta zo da shi. A samansa akwai na biyu, na tuni. Na duba kwanan wata, na lissafa. Ranar da na tsaya a ƙofar kafe ina neman a yi mini kwafi, saƙon yana ciki, kuma da sauran kwana shida.

Kika dawo kika ce yaya, na iya? Na ce na iya. Na kife wayar a cinya.

Wannan shi ne mafi muni a cikinsu, kuma ba ruwan kwamfuta a ciki. Shekara biyu na yi shiru. Shekara biyu ina shan kokon matar nan tana ƙara mini ƙosai. Na ce wa kaina abin ya riga ya wuce, faɗa ba zai dawo da shi ba, sai dai ya tayar da hankali. Na ce ina kare zumunci ne tsakanin gidajenmu. Sunan Ticha nake karewa, shi ke nan. Na ji kunya, kuma na ji tsoro, kuma duk lokacin da kika kira Sanatu ina jin kuna dariya sai in tashi in fita. Idan kika yi kuskure a kan ɗan wani, Rahinatu, ki faɗa a ranar. Na farko rashin sani ne, ana yafewa. Kowace rana bayan nan kuwa da saninki kike ƙarawa.

Abin da ya tayar da ni takardar tura ki aiki ce. Da ta fito, Mma Adisa ta zo yi mana barka da ƙwaryar gero. Ta ce wa Mamanki ita dama ta san ke ce mai kan karatu, tata 'yar ƙarfi Allah Ya ba ta, ba kai ba. Ba da ɗaci ta faɗa ba, ta yarda da abin ne kawai. Ina daga ɗaki na ji.

Ranar Laraba da hantsi, da masu sayen koko suka ragu, na je na zauna a bencinta na faɗa mata komai, tun daga kwaɗon ɗakin ajiya. Ba ta daina juya ƙosai ba har na gama. Ta kwashe na ƙarshe, ta sauke kasko, ta goge hannu, sannan ta ce in karanta mata takardar. Na karanta na fassara mata. Ban san abin da na yi tsammani ba, zagi ko kuka. Sai ta ce, "Ticha, ba ni za ka faɗa ma ba. Mai takarda tana Kumasi." Ta ciro ƙaramar wayarta daga bakin zane ta sa na nemo lambar.

Sanatu ta ɗauka cikin hayaniyar kasuwa. Ta ce in jira ta sauke kaya. Na sake faɗin abin da na faɗa wa uwarta, wannan karon ya fi wuya. Sannan ta ce in sake karanta wurin da sunanta yake. Na karanta. Ta ce, "Ashe sun kira ni." Ta maimaita sau biyu. Sai ta ce, "Baba Ticha, shekara huɗu ina cewa kaina ne ba shi da kyau. Ko littafi na gani a kayan mutane ba na son kallo."

Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce yanzu tana da babbar waya, in turo mata takardar ta gani da idonta. Na ce to, muka ajiye. Sai na zauna riƙe da waya, don ban san yadda ake tura saƙo daga imel zuwa wani wuri ba.

Kina gida a lokacin kina haɗa kaya, da na kawo miki da minti ɗaya kin gama. Ban kawo ba. Na tafi bakin titi wurin Fuseini mai gyaran waya, wanda na koya wa rubuta sunansa, yanzu har da furfura a gemu. Rumfarsa cike da mutane, da masu yalo-yalo, wato keken haya mai ƙafa uku, da ke jiran cajin waya. Ya miƙa hannu zai karɓa ya yi mini. Na ce a'a, ban iya ba, koya mini zai yi. Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji. Wani ya yi dariya ya ce yau Ticha ya shigo aji ɗaya. Na ce ƙwarai, a matsa mini. Sau huɗu ina kuskure, yatsana yana danna abin da ban nufa ba, a na biyar ya tafi. Ba a fi rubu'in sa'a ba gaba ɗaya. Na tsaya ina tunanin rubu'in sa'ar nan har Fuseini ya tambaye ni ko lafiya.

Amsarta ta zo jiya da rana, da murya, kuma ni na buɗe da kaina. Gajeruwa ce. Ta ce, "Na gani. Idan an buɗe fom na bana zan cike. Lambata zan sa."

Ban san ko za su ɗauke ta ba bayan wannan tsawon lokaci, kuma ba zan ƙara faɗin abin da ban sani ba. Ki kira ta idan kin natsu. Kada ki ba ta haƙuri a madadina, wannan aikina ne. Kada kuma ki ce za ki cike mata. Idan ta tambaye ki wani abu ki nuna mata, sannan ki janye hannunki. In kin yi fushi da ni a kan ƙaryar da na yi miki, kina da gaskiya, ki faɗa mini, zan saurara.

Yau da safe na je sayen koko. Mma Adisa ta amsa gaisuwata, ta zuba mini daidai abin da na saya, ba ta ƙara ƙosan ba.

Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na dare da na mutum. Ya ba ki haƙuri da yaran mutane, Ya sa kada ɗan kowa ya tsaya a rayuwa saboda ke. Ya buɗa wa Sanatu ƙofar da na rufe mata. Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Idan kin sami wurin da waya ke kamawa, ki turo mini saƙo kin sauka lafiya, zan buɗe.

Mahaifinki,
Issaka